Kuskuren Sjoerd

Shekara talatin da takwas Sjoerd ya yi yana gyaran rubutu a wata jarida a garin Zutphen na ƙasar Holan, ko bayan ya yi ritaya bai daina ba. Jikokinsa da suka tashi da Turanci a kunne sun sha wuyarsa. A harshen Holan, in ka ce "saboda", dole aikatau ya koma can ƙarshen jimla. Yaran kuwa sai su dasa shi a tsakiya irin na Turanci, shi kuma ya buga tebur.

Shi ya sa ranar da matarsa Aleid ta ji ya yi kuskuren da bakinsa, ta ajiye wuƙar yanka cuku ta dube shi.

"Me ka ce?"

"Na ce ba zan fita ba saboda ana ruwa."

"Ba haka ka jera shi ba, tsoho. Irin na yaran nan ka yi."

"Ni? Ki je a wanke miki kunne."

Ta yi dariya, amma daga ranar ta fara sa kunne. Cikin mako guda ta ƙirga irin wannan kuskure har goma sha ɗaya, bai ji ko ɗaya ba. Ta lallashe shi suka je wajen likita, wani matashi mai fara'a. Da ta yi bayani sai ya yi murmushi.

"Madam, ai kowa haka yake magana yanzu. Ni ma haka nake yi. Talabijin ce kawai."

"Kowa ban da shi," in ji Aleid.

Likitan ya auna jininsa, ya sallame su.

Ran Asabar Sjoerd ya hau keke zuwa kasuwa sayen kifi, bai dawo ba har kofi ya huce. Maƙwabciyarsu ce ta tsince shi a bakin kogi, ba keke, ba kifi, yana tare mutane yana tambayarsu hanyar layinsu da Turanci.

A wannan karon ba wanda ya yi murmushi. Aka tura su babban asibiti ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Suna zaune a layi ta riƙe hannunsa, sanyi ƙalau. Ya dubi hannun, ya dube ta, ya zare nasa a hankali. Sannan cikin ladabi ya tambaye ta da Turanci ko ita ma ta daɗe tana jira.