Direban da Kwamfuta Ta Ƙi

A 1998 ni ce mai buga takardu a ofishin Alhaji Balarabe, dillalin hatsi a Tudun Wada. Sunana Baturiya. Muna da wata tsohuwar kwamfuta mai ƙaton allo, ƙeyarsa kamar tukunyar biki, kuma Alhaji ya fi ji da ita a kan 'ya'yan cikinsa. Baƙo ko ruwa bai sha ba sai an yaye mata mayafi ya gani.

Wata Laraba Sale mai gyaran kwamfuta ya zo daga Kano da faifan sabon tsarin aikin kwamfuta, wai yanzu shi ake yayi. Ya sa faifan, aiki ya yi nisa, sai allon ya hau rawa, rubutu ya dagule, layuka suka cika shi. Sau uku yana sakewa, sau uku abin yana cijewa a wuri ɗaya.

Ya share gumi ya ce, "Alhaji, matsalar direba ce. Direbanku ya tsufa, ba zai iya tafiya da sabon tsari ba. Shi ya sa hoton ya yi dishi-dishi."

Alhaji ya ce, "Wane direban?"

Sale ya rage murya ya yi masa bayani. Direba wani ɗan rubutu ne da ke zuwa a ƙaramin faifai, shi ke koya wa kwamfuta yadda za ta yi magana da allonta. Alhaji ya gane sarai, ni ma na gane. Wanda bai ji bayanin ba shi ne Baffa Hamman, direban a-kori-kurar Alhaji, da ke zaune a benci bakin ƙofa. Shi maganar farko kawai ta shiga kunnensa. Tun shekarar da ciwon bushiya ya share masa garken shanu yake jan motar nan, shekara goma sha biyar, kuma bakin mutum tara ne ke ci daga sitiyarin.

Muka ga ya miƙe ya leƙo, hula a hannu. Shi kuwa Alhaji, in bai samu wanda zai mayar abin dariya ba, ranar tuwo ba ya yi masa daɗi. Ya taka ƙafar Sale, ya ƙyafta mini ido.

"Shigo, Hamman. Ka ji da kunnenka. Na'ura ta duba ma'aikatana kaf, kai ta ƙi."

Masu awo da 'yan dako suka taru a taga suna ƙunshe dariya. Ni ma na sa gefen mayafi na toshe baki. Wallahi na yi dariya, ba zan wanke kaina ba.

Baffa Hamman ya matso ya daɗe yana kallon allon da ke rawa. Sai ya durƙusa gaban Alhaji.

"Ranka ya daɗe, tunda ta gani, ba zan ƙaryata ta ba. Idona na hagu ne. Tun daminar bara wata farar yana ta rufe shi, haka nake gani da shi kamar yadda ta nuna ɗin nan. Da na dama nake kai kaya Riruwai. Tsoron rasa aikin ne ya hana ni faɗa. Ko uwar 'ya'yana ba ta sani ba."

Dariya ta ɗauke ɗif. Na jira Alhaji ya ce wasa ne, na jira Sale ya buɗe baki. Sale ya sunkuya yana tattara wayoyinsa. Alhaji ya shafa gemu ya ce, "To, madalla. Sale, yaushe sabon direban zai iso?"

"Jibi, in Allah ya yarda. Zan aiko shi a motar Zariya, a tare shi a Kwanar Ɗangora."

Kwana biyu ina da baki, ban yi amfani da shi ba. Kullum sai na gaishe da Baffa da safe, ya amsa mini da "'yata", in wuce sumsum. Ina tsoron Alhaji, kuma in faɗi gaskiya, ina son ganin yadda wasan zai ƙare.

Ranar Juma'a Alhaji ya ce shi Baffan ne zai je ya ɗauko wanda zai gaje shi. Tsohon nan ya wanke mota tas, ya shimfiɗa sabon buhu a kujerar da ta yage, ya tafi. Sai bayan la'asar ya dawo, shi kaɗai, da ambulan a hannu ɗaya da ƙunshin takarda a ɗayan.

"Bai zo ba, ranka ya daɗe. Na tsaya har motoci huɗu. Wasiƙa ya aiko."

Alhaji ya sa aka kira mutanen shago duka. Ya farke ambulan, ya zaro ɗan baƙin faifai da bai kai tafin hannu ba, ya ɗaga sama.

"Ga sabon direba! A gaba ka zaunar da shi ko a baya?"

Wuri ya kece da dariya, har wani ɗan dako yana dukan bango. Ni na karɓi faifan, na bi abin da Sale ya rubuto a takarda, na kashe na kunna. Allo ya washe tar, sabon tsari ya hau lafiya lau.

Baffa Hamman ya dubi allon, ya dubi ramin da faifan ya shige. A hankali ya ce, "Ashe ba da ni take ba."

"Ita ba da kai take ba," in ji Alhaji. "Amma ido ai kai ka faɗa da bakinka, ba wanda ya matse ka. Zan ba mai ido ɗaya motata ne? Ajiye makulli."

Ya ajiye. Bai yi roƙo ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya juyo wajena.

"'Yata, ke kin sani tun ran Laraba?"

Na kafa wa allo ido kamar ina karanta wani abu. Babu komai a kansa.

Ya ɗan jira. Sannan ya ɗora ƙunshin takardar nan a teburina, mai ya ɓata gefensa, ƙamshin tsiren Kwanar Ɗangora ya cika ofis.

Ya ce, "Na baƙo ne. Na ce ya sha hanya, kar ya fara aiki da yunwa. Ku ba shi."