Sai Mutum Goma Sun Cika

Shekara biyu na yi ina shirya tafiyar nan, mijina Manniru ya tashi rushe min ita da kati ɗaya.

Shekararmu goma sha ɗaya da aure, duk hutun da muka taɓa ɗauka a garinsu Malumfashi ya ƙare: in ba biki ba suna, in ba suna ba ta'aziyya. Ni kuwa labarin ƙasa na karanta a jami'a, na ƙare a wata ma'aikata a Garki ta Abuja ina jera fayil. Duwatsu da tekunan da na rubuta jarrabawa a kansu ban taɓa sa su a ido ba. Shi ya sa na ƙudurta sai na ga Cape Town, in hau dutsen nan mai shimfiɗaɗɗen kai kamar tebur, in zaga gandun dajin da ke kewaye da shi, in je har wanda ke can ƙarshen Afirka inda ƙasa ta ƙare teku ta karɓa. Da gangan na zaɓi watan Yuni. Lokacin sanyinsu ke nan, ga ruwa ga iska, masu yawon buɗe ido sun watse, masauki ya yi araha. A ofis kuma ba mai rububin hutu a Yuni, kowa Disamba yake jira. Na sayo rigunan sanyi a gwanjon Mararaba, mai kayan yana yi min kallon wadda ta zare. Mahaifiyata ta yarda ta riƙe mana 'yarmu Nazeefa. Biza ta fito.

Ranar wata Juma'a da safe, saura kwana goma cif mu tashi, ina haɗa takardu a jaka, sai na buɗe katin allurar shawara na Manniru. Ni na yi tawa tun Afrilu, hannuna ya kwana biyu yana tsami. Shi ya ce zai yi tasa kusa da ofishinsu, ya kuma kawo kati da hatimi raɗau. Ban taɓa duba cikinsa ba sai ranar. An rubuta ɗaya ga Mayu. Ranar hutun ma'aikata ce, kuma a gidan yayarsa muka wuni har magariba, yana cin dambu yana gardamar ƙwallo.

Na same shi a falo yana ɗaura agogo.

"Abban Nazeefa, a wane hannu aka yi maka allurar?"

"Hagu," ya ce. Sai kuma ya taɓa dama.

Na miƙa masa katin, yatsana a kan kwanan watan. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ya duba, ya sake dubawa, sannan ya zauna.

"Wani Salisu ne ya buga min shi, a tashar Utako. Kowa shi ke yi wa, Muhibba. Ai da katin aka ba mu biza."

"Ka manta mutum sama da ɗari da aka juyo da su daga filin jirgin saman ƙasar da za mu a watan Maris, aka ce katinsu na bogi ne? So kake a juyo da mu a gaban duniya, da rigunan gwanjo a hannu?"

"Wannan ai ya wuce."

"Katin gaskiya ba ya aiki sai allura ta kwana goma a jiki. Yau ce ranar ƙarshe. In aka kai Litinin, tafiya ta mutu."

Na san ba ya son allura. Duk zazzaɓin da zai yi, ƙwaya yake roƙo a ba shi, na kuwa sha tsokanarsa a kai. Amma ban zaci abin ya kai ya yi min ƙarya wata ɗaya da rabi ba. Mutumin da yake mataimakin darakta, wanda in ya yi tsawa 'yan kwangila ke neman ƙofa! Na ɗauki makullin mota da kaina.

Ruwa ake yi tun asuba, hanya ta cushe. Daga gidanmu zuwa ɗakin allurar matafiya da ke Garki tafiyar minti ashirin ce, muka yi awa ɗaya da rabi. Shi sai goge tafin hannu yake a gwiwa. Ni kuwa bakina bai huta ba. Na lissafa masa kowane hutu da na ƙarar a gindin murhun danginsa. Na ce ko Nazeefa ba ta kuka in an yi mata. Na ce, "Ƙato da kai, matsoraci." Ya juya ya kalli taga. A lokacin daɗin maganar na ji, ba zan ɓoye ba.

Sha ɗaya saura muka isa. Mutum shida ne a kan benci, kowa da fasfo a hannu. Ma'aikaciyar jinyar wata mace ce mai jiki, Sista Hannah, tana zaune tana cin gyaɗa, ba alamar aiki.

"Sista, allurar shawara za a yi wa maigidana."

"Ya zauna. Shi ne number seven." Ta nuna min wata 'yar kwalba a cikin firji mai ƙofar gilashi. "Wannan na mutum goma ne. In na buɗe shi, yau zai ƙare ko ya lalace. Ba na buɗewa sai mutum goma ya cika. Ƙarfe ɗaya kuma muna rufewa, yau Friday."

"In ba su cika ba fa?"

"Monday, madam."

Na roƙe ta. Na yi mata bayanin kwana goman, na nuna mata tikiti. Ta ce ta ji, amma doka ba ita ta kafa ba, jiya ma haka mutane suka koma. Na waiwaya in ga ko Manniru zai sa baki, ko da irin muryar da yake yi wa 'yan kwangila. Sai na ga fuskarsa ta saki, har ya jingina da bango. Abin nema ya samu. Wannan sakin fuskar ya fi ƙaryar ƙona min rai.

Muka zauna muna kallon ƙofa. Sha ɗaya da rabi, ba wanda ya shigo, ruwan sama ya hana kowa fita. Wata 'yar kasuwa a cikin shidan ta fara tattara jakarta, ta ce in sha biyu da rabi ta yi tafiya za ta yi. Na ga muna neman uku, muna shirin komawa neman huɗu.

"Sista, dole sai matafiyi?"

"Kowa da hannu. Allura free ne, kati ne ake biya."

Na fita ko lema ban ɗauka ba.

A bakin ƙofar shiga akwai wata rumfar kwano, mutum uku sun fake a ciki: mai shayi, mai rake, da wani dattijo mai gyaran takalma da suke kira Baba Yamusa. Daga jin harshensu na san mutanen ƙauyukan Katsina ne da suka zo ci-rani. Na gaishe su kamar yadda ake gaida manya, na faɗa musu buƙatata ba kwana-kwana.

Mai rake ya yi dariya. "Hajiya, a Abujar nan da ko ruwan sha sai ka biya, ita ce za ta yi mana allura kyauta? Akwai dai wani abu."

"Wallahi rigakafi ce. Ni ma an yi min, ga ni a tsaye."

"Ke ai 'yar boko ce," in ji mai shayi. "Taku daban, tamu daban."

"Kwalba ɗaya ce. A gabanku za a buɗe."

Baba Yamusa bai ɗago daga takalmin da yake ɗinki ba. Ya tambaye ni ina za mu. Na faɗa masa. Ya tambaya ko aiki ne ko asibiti. Na ce a'a, kallon duwatsu da namun daji. Sai a nan ya ɗago ya dube ni, jiƙe sharkaf, gyale ya manne min a ka.

"Ki bar duwatsun Abuja ki tafi kallon na wasu, cikin sanyi? Allah mai mutane." Ya soke basillarsa a jikin akwati. "To, 'yata, gani ya kori ji. In Alhajin naki ya fara a gabanmu, daga kwalbar nan, mu ma mu miƙa hannu. In bai fara ba, kowa ya kama sana'arsa."

Sha biyu da minti ashirin na shigo da su. 'Yar kasuwar har ta miƙe, ta koma ta zauna. Sista Hannah ta ƙirga kawuna da biro, ta rubuta sunaye, ta wanke hannu, ta fito da kwalbar, amma ba ta buɗe ba.

"Oga, kai ne first. In ka zauna, na buɗe."

Manniru ya dube ni. Ban kawar da kai ba. Ya tashi a hankali, ya cire babbar rigarsa ta Juma'a, ya zauna a kujerar, ya fara naɗe hannun riga. Maɓallin ya gagare shi. Gumi ya keto masa duk da sanyin ruwan. Mutum tara suna kallonsa, mai rake yana danne dariya da hula.

Baba Yamusa ya matso, da kyakkyawar niyya. "Haba Alhaji, ba komai. Kai mai rake, zo mu riƙe masa hannu, mu ɗan danne shi."

Ban taɓa ganin Manniru ya zabura haka ba. Kujerar ta kife, ya ture dattijon, ya yi waje. Sista Hannah ta dubi agogon bango, ta mayar da kwalbar firji.

"Ten minutes, madam."

Na same shi a ƙarshen baranda, ya dafa ginshiƙi, ruwan indararo na fallatsa masa a ƙafa. Na zo da maganganu cike da baki, waɗanda suka fi na mota zafi. Ya riga ni.

"Ƙafar Nazeer ba shan inna ba ce."

Nazeer ƙanensa ne, yana koyarwa a Funtuwa, yana jan ƙafar hagu tun yana ƙarami. Duk dangi shan inna suke cewa, ni ma haka na sani.

"Zazzaɓi ya yi. Inna ta aike ni in kai shi wurin mai kemis, ina da shekara tara, shi biyar. Yana ihu yana fizgewa. Mutumin ya ce in danne shi da kyau. Na hau bayansa na danne shi, Muhibba, da duk ƙarfina. Yana kiran sunana. Allurar ta sami jijiya. Da ƙafarsa ya je, a bayana na dawo da shi." Ya share fuska da hannun rigar da ya naɗe. "Inna ce ta ce a ce shan inna ce, don kada a riƙa nuna ni. Shi bai tuna ba. Har yau in ya zo gidanmu, ni yake yi wa godiya."

Shekara goma sha ɗaya ina kwana da mutumin nan, ina yi masa dariyar ƙwaya. Kalmar da na jefe shi da ita a mota ta dawo min. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Na tuna dutsen, da tekun, da shekara biyun da na yi ina shiri, na ji zafinsu har cikin ƙashi, amma na faɗa, kuma har zuciyata na faɗa.

"Mu tafi gida, Abban Nazeefa. An fasa."

Ya juyo ya dube ni.

"Da gaske kike?"

"Wallahi."

Ya gyaɗa kai. Na juya zan nufi mota, sai na ga shi ciki ya nufa.

Ya tayar da kujerar da kansa. Ya ba Baba Yamusa haƙuri, ya zauna, ya dubi Sista Hannah.

"Ki buɗe. Amma kada kowa ya riƙe ni." Ya waiwayo inda nake. "Har ke."

Na tsaya a bakin ƙofa, na harɗe hannuwana a baya, don in na sake su wurinsa za su tafi. Sista ta fasa kwalbar, ta haɗa maganin, ta zuƙa. Ƙarfe ɗaya saura kwata. Manniru ya kafe bango da ido, leɓɓansa na motsi, jijiyar wuyansa ta tashi. Mai rake ya daina dariya. Ta goge masa dantse da auduga, ta soka, ta zare.

"Finish. Next."

Bai motsa ba. Ya sunkuya ya dubi wurin, ɗan ɗigon jini da bai kai ƙwayar gero ba.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, oga."

"Ɗan wannan abin ne ya cinye masa ƙafa?"

Ba wanda ya gane maganar sai ni. Ya koma benci ya zauna, ya rufe fuska da babbar rigarsa, kafaɗunsa suna girgiza, a gaban 'yar kasuwa da mai shayi da kowa. Baba Yamusa ya dube shi, ya dube ni. Ya naɗe hannun rigarsa ya zauna a kujerar, ya ce, "Bismillah, 'yata, yi naki aikin."

Tafiyata ta tsira, amma ko murna na kasa yi. Na je na zauna kusa da Manniru, na bar tazara kaɗan a tsakaninmu. Ban taɓa shi ba sai da ya miƙo min hannu da kansa.