Ɗalibin Ƙarshe na Malam Sodangi

"Sannu-sannu, Mijinyawa! Damin gero kunka ɗauko?"

Malam Sodangi ne yake faɗa daga bisa gadonsa na kara, yayin da maƙwabcinsa Mijinyawa da wasu majiya ƙarfi suke ƙoƙarin fitar da shi ta ƙofar zaure. Ciwo ya cinye jikin tsohon, amma bai taɓa harshensa ba.

"Allah shi gafarta Malam, da ka bari an yi karatun ga cikin ɗaki," in ji Mijinyawa.

"Ubana bai taɓa biya ma ɗalibi cikin ɗakin kwana ba, kakana ma haka nan. Ba kaina za a fara ba."

Aka ajiye shi a gindin ceɗiyar ƙofar gida, inda makarantarsa ta allo take tun kafin Turawa su iso Sakkwato.

Dalilin wannan ɗawainiya kuwa abin alfahari ne. A shekara ta uku da samun mulkin kai, Ɗahiru ɗan Mijinyawa ya zo na ɗaya a jarrabawar shiga sakandare cikin dukan yaran ƙasar Bodinga, abin da garinsu Dingyaɗi bai taɓa gani ba. Ranar Alhamis motar hukumar En'e za ta biyo daga wajen Shagari ta kwashi sababbin ɗalibai zuwa birni, wanda bai shiga ba kuwa a ba wani gurbinsa.

Sai dai Mijinyawa yana ɗaure da alkawari. Tun ranar da aka rubuta yaron a elemantare, ya rantse wa Malam a gaban dattawa cewa Ɗahiru ba zai bar gari ba sai ya sauke Alƙur'ani a hannunsa. Ga yaron da sauran yanki mai yawa na Baƙara, ga Malam yana ƙara yin ƙasa. In kuwa ya cika kafin a gama, babu mai kwance rantsuwar, domin wanda aka yi wa ita kaɗai ke da wannan iko.

Hedimasta Malam Maniru ma ya zo da goronsa neman alfarma.

"A yi haƙuri a bar shi shi tahi, Malam. In an yi hutu sai shi ƙarasa."

"Hutu? Dube ni da kyau, Hedimasta. Ka ga alamar mai jiran hutu gare ni?"

Mijinyawa ya sunkuyar da kai, zuciyarsa tana cin sa. Tsohon ya daɗe yana shafa gemu, can sai fuskarsa ta washe. Al'adar makarantar dai wanki ɗaya ne a yini: ɗalibi ya biya abin da ke allonsa, ya wanke, ya rubuta na gaba, sai kuma gobe. Amma Malam ya tuna an taɓa saɓa wa haka.

"Shekarar da ayarin mahajjata na ƙasa yat tashi, ubana na da ɗalibi cikinsu. Safe da rana da marece yaron nan ka wanki, har yas sauke. Tunda an taɓa yi, a sake yi."

Haka aka yi ta yi. Allon Ɗahiru bai ƙara bushewa sosai ba, Mijinyawa kuwa ya bar fadamarsa ta albasa a hannun ƙanensa, ya koma mai dakon gado.

Ranar Laraba da hantsi, ranar da aka saba sauka, unguwa ta taru. Ɗahiru ya durƙusa ya kama ayoyin ƙarshe. Yana cikin karatu sai idanun Malam suka rufe, hannunsa ya zame daga ƙirji ya faɗi gefen gado. Yaron ya yi tuntuɓe a karatun. Daga bayan zana Inna Kulu, matar Malam, ta ɗora hannu a ka ta fara salati. 'Yan ayoyi ne fa suka rage.

Sai tsohon ya buɗe ido ɗaya.

"Kulu, wa ya aike ki? Ban tahi ba tukuna. Kai kuma, ja maddar ga yadda take. Ba gadon gidanku ce ba da za ka rage ta."

Dariya ta ɓarke har da masu hawaye. Ɗahiru ya koma ya ja ta, ya bi a natse har ya kai ƙarshe. Aka miƙa masa allon zayyana, liman ya shafa fatiha, mata suka rangaɗa guɗa.

Nan take aka shimfiɗa tabarmin da aka aro daga gidajen unguwa, aka fito da masa da fura da goro. Hedimasta ya miƙe ya yabi ƙwazon yaron, ya ce Jihar Arewa tana jiran irinsu.

"Na ɗaya cikin boko dai," in ji Malam, yana tsotsar loma ɗaya ta masa. "Cikin allo na ga waɗanda sunka fi shi." Sa'an nan ya kamo hannun maƙwabcinsa. "Mijinyawa, ka cika alkawari. Na kwance ka. Shi tahi, Allah shi yi mai albarka."

Washegari Mijinyawa ya raka ɗansa bakin hanya, akwatin katako a ka, ƙunshin ƙuliƙulin Inna Kulu a hannu. Motar ta zo cike da yara masu sababbin riguna suna waƙa. Ya tsaya har ta ɓace, sa'an nan ya juyo gida da sauri don ya ba Malam labari.

A zaure ya iske Inna Kulu, idanunta jawur, amma tana murmushi.

"Da munka ji ham ɗin mota ya ce mani, 'Ita ce?' Na ce ita ce. Ya ce, 'To, madalla.' Sai yai shahada, yaj juya ga gabas."

Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Tabarmin walima ba a kai ga mayar da su ba, a kansu masu ta'aziyya suka zauna a inuwar ceɗiya. Mijinyawa yana daga gefe yana amsa gaisuwa, 'yan tsaki suna ta tsintar ɓarɓashin masar jiya a kusa da ƙafarsa.