Masu Bin Guduma

Guduma ya daɗe bai ci ƙwallo ba. Bugawa kam yana bugawa, sai dai ko ta bi saman raga ta faɗa cikin 'yan kallo, ko ta tafi salun-alun hannun gola kamar an aiko ta da saƙo. Mutumin da a da in ya ɗaga ƙafar hagu a bakin raga, gola kan kare fuskarsa ya manta aikin da ya kawo shi! Can ma ya samo sunan. Yanzu kuwa magoya bayan ƙungiyarsu, marasa kunyar nan, har sun fara ce masa Baba. In ya zo wucewa ta gefen fili sai ka ji wani ya ɗaga murya, "Baba, a kawo kujera ne?"

Ga shi kuma kwantiraginsa a ƙarshen kakar nan zai ƙare. Shi ya sa ranar da Koci ya ce ya same shi a ofis bayan atisaye, Guduma ya sha jinin jikinsa.

Ofishin wani ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin wurin zaman 'yan kallo, ba abin da ke tashi a ciki sai warin takalma da na man zafi. Koci mutum ne mai tumbi, ba ya kwana-kwana a magana. Ko zauna bai ce masa ba, ya kunna hoton wasansu na makon jiya a talabijin.

"Kar ka kalli ƙwallo," in ji shi. "Kalli kanka."

Guduma ya ga kansa yana gudu zuwa hagu, 'yan baya biyu na biye da shi, ɗaya har ya cakumi rigarsa. Tsakiya ta zama fili fetal. Gajere, ɗan wasan gefensu mai gudun tsiya, ya kutso ta nan ya zura ƙwallo.

"Ka gani?" in ji Koci. "Ƙafarka ta mutu, ni na sani, kai ma ka sani. Su ne ba su gama yarda ba. Yawancin 'yan bayan nan suna yara suka ga kana fasa raga, har yau in sun hango ka cikinsu ɗurar ruwa yake. Kai ɗaya kana ɗauke min mutum biyu. Shi nake so."

"To, in yi yaya, Koci?"

"Ka guje wa ƙwallo. In ta yi dama, ka yi hagu. Ka ɗaga hannu, ka yi ihu a ba ka, ba kuwa wanda zai ba ka, na riga na gaya musu. Muddin suna binka, lamba tara taka ce, kuma ni da kaina zan sa a sabunta maka. In sun daina, ba ni da abin da zan yi da kai."

Kai, wannan magana ta yi wa Guduma ciwo. Tun yana ɗan mitsitsi abu ɗaya ya iya a duniya, neman ƙwallo. Yau ga shi da furfura a gemu ana koya masa gudu daga gare ta. Ya so ya yi tsaki ya fita. Sai ya tuna ba ƙungiyar da ta yi masa ko sallama a bana, ya haɗiye ya ce, "Na ji."

A gida bai faɗa wa matarsa ba. Ina zai iya? Ita dai abin da ta sani, mijinta na fama da rashin cin ƙwallo, kuma ƙwallo ɗaya tak za ta wanke shi. Ba ta zuwa fili, ta ce zuciyarta ba za ta ɗauka ba, amma duk ranar wasa tana gaban talabijin da filo a ƙirji. In ya dawo ta sa shi ya miƙe ƙafa a kan kujera, ta dinga murza masa gwiwa tana faɗa.

"Ni dai Gajeren nan ban yarda da shi ba, Baban yara. Kana ɗaga hannu yana kallonka, ya ƙi ba ka. Baƙin ciki yake maka, wallahi."

"Ƙyale shi, Maman yara. Yaro ne."

"Yaro? Mai 'ya'ya biyu? Kai dai ka ci ɗaya, ka ga yadda bakin kowa zai mutu."

Haka aka yi ta tafiya. Abin mamaki, Guduma ya ƙware a sabon aikin. Ya gane cewa gudu kawai ba ya jan ɗan baya, sai ka sa masa tsoro. Don haka kafin a take wasa yakan je ya tsaya kusa da mai tsaronsa, ya ɗaure fuska, ya kalli raga ya kalli gola, yana gyara igiyar takalmin hagu a hankali. In ƙwallo ta taso, ya zabura yana kwarara ihu, "Ga ni! Ga ni!" Su kuwa bayin Allah su rufa masa baya har bakin tutar kusurwar fili. Kafin su waiwayo Gajere ya gama aiki.

Ƙungiya ta dinga cin wasa. Masu sharhi a rediyo suka ce da mutum goma suke wasa, na sha ɗayan yawon shan iska yake zuwa. Wani ma ya ce da a sa turke a wurin, ai turke ba ya cin albashi. Guduma yana jin su a mota ya yi murmushi. Akwai ranar da ya waiga ya ga har mutum uku a bayansa suna haki, daɗin da ya ji a ransa bai yi nisa da na cin ƙwallo ba.

Ana saura 'yan wasanni kaka ta ƙare, suka karɓi baƙuncin ƙungiyar su Katanga. Katanga ɗan baya ne, tsaran Guduma, sun shekara da shekaru suna gwabzawa. Tabon da ke ƙaurin Guduma na dama aikinsa ne. Da suka haɗu a tsakiyar fili ya miƙo hannu da fara'a.

"Ina gajiya, mutumina? Ya gwiwa?"

"Da sauƙi," in ji Guduma. Bai ji daɗin gaisuwar ba. Katanga bai taɓa tambayar lafiyarsa kafin wasa ba, zagi ne gaisuwarsu.

Aka take. Ƙwallo ta yi dama, Guduma ya yi hagu yana ihu. Ya ji mutum ɗaya a bayansa, shi ma bai yi nisa ba ya koma. Ya ce a ransa ƙila don yanzu aka fara ne. Ya ƙara ɗaure fuska, ya je ya bangaji Katanga da kafaɗa don ya tsokano shi. Katanga ya yi dariya ya matsa masa. Har aka tafi hutun rabin lokaci Gajere bai sami inda zai sa ƙafa ba, duk inda ya juya mutum biyu ne a kansa.

Bayan an dawo, can wasa ya yi nisa ba ci, Gajere ya samu ƙwallo a gefen dama, suka yi masa rubdugu. Guduma ya zabura ta hagu yana "Ga ni! Ga ni!" kamar kullum. Yana cikin gudu ya kasa kunne. Ba ƙarar takalmi a bayansa, ba haki, ba hannu a rigarsa. Ya waiga. Katanga na can ya juya masa ƙeya.

Gajere da ya rasa yadda zai yi, ya ɗago kai ya ga mutum ɗaya tilo a buɗe. Ya manta da umarnin Koci ya cillo ta.

Ta sauka a gaban Guduma, daga shi sai gola. Ya samu lokacin tare ta, ya samu na gyara ta, har da na kallon kusurwar da yake so. Tun da yake wasa ba a taɓa ba shi sarari irin wannan ba. Ya sa mata hagu. Ba ta yi wani ƙarfi ba, amma ta shiga.

Filin ya kece da ihu. Masu tambayar ko a kawo kujera su ne a gaba wajen rera sunansa. Abokan wasa suka haye kansa, Gajere har da ƙwalla. Ta tsakanin kafaɗunsu Guduma ya hango benci. Kowa na tsalle, ban da Koci, wanda ke tsaye hannuwa a aljihu yana kallonsa. Ba fushi a fuskarsa. Guduma ya gwammace a ce fushin ne.

Da aka tashi, ci ɗaya da nema, Katanga ya zo ya rungume shi.

"Barka, mutumina. Kocinmu ne ya ce mu ƙyale ka mu riƙe Gajere, wai ya kalli wasanninku kaf, ba abin da kake yi sai ihu. Ka ga yadda ka kunyata shi."

"Gobe za ku bi ni ke nan?"

Katanga ya sosa ƙeya. "Ka san sha'anin koci. Zai ce ɗaya ce a shekara, ya ɗauki asarar."

A ɗakin sauya kaya Koci ya bari sai da hayaniya ta lafa, sannan ya zo ya zauna kusa da shi, abin da bai saba ba.

"Ƙwallo mai kyau," in ji shi. "Kowane koci zai kalli hoton wasan nan kafin mako mai zuwa."

"Na sani."

"Zan sa ka a wasan ƙarshe daga farko, mutane su tafa maka. Ka zo da iyali."

Guduma ya ce ya gode, ya ci gaba da kwance igiyar takalminsa.

Tun daga bakin layin gidansu ya fara jin guɗa. Falonsa cike da maƙwabta, yara na tsalle a kan kujeru ba mai hana su, ana ta maimaita ƙwallon a talabijin. Matarsa ta taho da gudu, mayafi a hannu, muryarta duk ta dishe.

"Ban gaya maka ba? Ban gaya maka ba, Baban yara? Yanzu su za su zo suna roƙonka ka sa hannu!" Ta ja shi gaban talabijin. "Zo ka ga kanka. Dubi nan, dubi! Ko mutum ɗaya bai iya matsowa kusa da kai ba. Tsoronka fa suke ji!"

Ya kalli kansa yana gudu shi kaɗai a cikin ciyawa, hannu a sama. Tausayinta ya kama shi fiye da na kansa. Ya ce a ransa gobe ma rana ce, sai ya faɗa mata.

"Na gani," in ji shi. "Ba wanda ya matso."