Ranar da Sulaimanu Ya Taka Sabuwar Feda

A Garwa, in makaɗan jita biyu suka yi gardama a kan sauti, ba sa ɓata yawunsu da yawa. Ɗaya zai ce, "Mu je wurin Doyen," shi ke nan. Doyen kuwa, wato babba a sana'a, shi ne Sulaimanu, jikan fataken Kano da suka zo da goro da turamen atamfa suka zauna. Tun yana saurayi ya bar wa 'yan'uwansa kanti ya bi jita. Kunnensa ake yabo. Ana cewa in tsirkiya ɗaya ta saki a cikin taron makaɗa, zai juya ya nuna mai ita da haɓa.

Abin da Garwa ba ta sani ba shi ne kunnen nan ya tafi. Na hagu ya mutu murus tuntuni. Na dama yana nan dai, amma magana takan zo masa kamar daga bayan katanga, ga wata siririyar ƙara da ba ta barinsa ko yana barci. Matarsa Lauratu kaɗai ta sani, ita ma don ta gaji da kiransa cin abinci ne yana zaune ya ba ta baya.

Ya koyi dabaru. Yana kallon leɓen mai magana, yana kallon hannun mai ganga. In za a fara kiɗa sai ya ja kujera ya jingina dunduniyarsa da amfili, akwatin nan mai ƙara wa jita murya, abin da kunne ya ƙi kawowa ƙafa ta kawo. Matasan makaɗa suna gani suna cewa salo ne, har wani sakarai ya fara kwaikwayonsa.

Ba don son girma kawai yake ɓoyewa ba. Tun da fitina ta tashi can arewa taro ya yi wuya, masu biki kuma suka gane cewa mutum ɗaya da na'ura da manyan sifiku ya fi makaɗa shida sauƙin ciyarwa. Kiɗan da ya rage wa Sulaimanu a duniya shi ne na yammacin Asabar a gidan abincin Germaine da ke unguwar Yelwa, tare da ƙungiyar Hubert, ɗan garin Poli mai jita da waƙa. Hubert bai riƙe shi don yatsu ba, yatsun sun yi nauyi kowa ya gani. Ya riƙe shi don kunne. Ranar da aka san babu kunnen, Asabar ta tafi, saura zama a bakin kantin ƙaninsa yana kora ƙuda yana shan kallon tausayi. Wannan zaman yake tsoro fiye da kabari.

To, ana cikin zafin nan na gab da damina, wanda ko akuya ba ta yarda ta bar inuwa, sai Hubert ya aiko a kira shi da rana tsaka.

Ya tarar da su biyu a rumfar bayan gidan Germaine: Hubert, da Bobbo, Bafulatani siriri mai riƙe jita ta biyu, wanda bai taɓa yarda da magana ba sai ya juya ta sau uku. A tsakaninsu, a ƙasa, ga wani abu ja, zagayayye kamar murfin tukunya, da maɓallin takawa a tsakiya.

Sulaimanu ya san wannan fuskar. Irin fedar nan ce da ake sa wa jita ta daina kuka ta koma gurnani. Ya taɓa mallakar ta ainihi. Wani makaɗi ɗan Cadi, Mahamat, ya tsallako da ita ta Kusiri lokacin yaƙinsu, ya bar masa ita da zai wuce kudu. Da ita Sulaimanu ya yi suna. Tana da halin tsiya: in zafi ya yi yawa sai ta riƙa shaƙewa, dole ya naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma ya ajiye gindin randa kafin wasa. A shekarar da kogin Binuwai ya yi ambaliya ruwa ya shiga ɗakinsa ya kashe ta, kuma tun daga ranar ba a sake jin wannan muryar a garin ba.

"Doyen, ka gan ta?" in ji Hubert, yana dariya. "Masu ita sun sake ƙera ta, sun ce daidai da ta da, ko ƙusa ba su canja ba. Ɗan'uwana ya aiko daga Duwala, jirgin ƙasa ya kawo ta Ngawundere, mota ta ƙaraso da ita. In ita ce, mu riƙe. In ba ita ba ce, direba zai koma da ita gobe."

"Ba ita ba ce," in ji Bobbo. "Kawu, na saurara. Wannan ƙara ce kawai, irin ta injin niƙa."

"Kai ina ka taɓa jin ta da ɗin?" in ji Hubert.

"Kai da ka ji, ta kan katangar gidan rawa ka ji, kana ɗan makaranta."

"Shi ya sa na kira mai ita," in ji Hubert. "Doyen, abin da ka ce shi ne."

Sulaimanu ya gyaɗa kai, ya duba inda zai zauna, sai ya ga akwai matsala. An wanke siminti, ruwa bai gama tsanewa ba, don haka sun ɗora amfili can bisa teburi. Ƙafarsa ba za ta kai ba, kuma babu dalilin da zai sa dattijo ya je ya rungume teburi. Ya ce a ɗaga murya. Hubert ya nuna katanga da yatsa: masallaci na bayanta, Germaine ta hana ƙara da rana, ba ta son rigima da maƙwabta.

Hubert ya fara. Ya taka fedar, ya ja 'yan kalmomi a jita, yana lumshe ido yana murguɗa baki. Sulaimanu ya zuba wa yatsunsa ido, ya san kowane wuri da suka taɓa, amma abin da ya iso kunnensa wani ɗan gunaguni ne can nesa. Ya ɗaure fuska irin ta mai nazari. Bobbo yana ta magana, rabi Fulatanci rabi Faransanci, ya juya kai gefe, don haka ko kalma ɗaya ba ta shigo ba.

"Ba ni," in ji Sulaimanu.

Ya rataya jitar ya miƙe tsaye. Yana da wata al'ada tun zamanin ƙuruciya, wadda duk Garwa ta san shi da ita: ba ya duban ƙasa in zai taka feda. Ya sha gaya wa matasa cewa mai duban ƙafarsa bai san kayansa ba. Ya ɗaga kai sama, ya laluba da yatsan ƙafa, ya taka. Ya ji ƙas ɗin maɓallin a tafin ƙafarsa, irin na da sak, sai tsigar jikinsa ta tashi.

Ya rufe ido ya shiga kiɗan da ya yi masa suna, wanda ya tsara a kan masu kwale-kwale lokacin da ruwa ya janye.

Ga mamakinsa, sai ya ji ta. Wallahi ya ji ta. Gurnanin nan mai kauri ya taso daga ƙasa, ya riƙe kalma ɗaya ya ja ta ya ƙi saki, yana ɗan tsattsagewa a ƙarshe kamar yadda takan yi in tsumman ya fara bushewa. Ya ga filin rawa cike, ya ga ma'aikatan auduga ranar albashi da takalmansu masu sheƙi, ya ga Lauratu tana budurwa ta laɓe bayan ƙawarta don kada a kai labari gida. Yatsunsa suka manta da nauyinsu. Murna ta kama shi irin wadda ya daɗe bai yi ba, har ya ce a ransa ashe kunnen bai mutu ba, abin da yake so ne aka daina ba shi.

Da ya tsaya, idonsa ya cika da ƙwalla, bai ma damu a gani ba.

"Ita ce," ya ce. "Bobbo, ba ka da kunne. Ka ji yadda ta riƙe ta ƙarshen nan? Injin niƙa yana yin haka? Akwai ɗan kaushi a sama wanda tawa ba ta da shi, amma sabunta ce, zai kwanta. Ƙasan kuwa, kaurin nan na ƙasa, ko Mahamat ya dawo ba zai bambance ba. Ku sallami direba."

Hubert ba shi yake kallo ba, ƙasa yake kallo. Bobbo ma haka. Sai Sulaimanu ya bi idonsu, ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya dubi ƙafarsa.

Ashe masu ƙerar sun canja abu ɗaya. Sun sa wata 'yar fitila kusa da maɓallin, ƙarama kamar ƙwayar gero, mai nuna ko fedar na aiki. A mace take. Hubert ya miƙa masa jitar ne fedar tana aiki, shi kuwa da ya taka, kashe ta ya yi. Duk kiɗan nan da ya zuba, jita ce tsirara, siririyar murya ba gurnani ko kaɗan. Gurnanin a cikin kansa yake.

Bobbo ne ya fara dariya, dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Kawu wasa yake mana," ya ce, ya juyo sosai yana duban Hubert. "Gwada mu yake, ya ga ko za mu ce eh don ya ce eh. Ko ba haka ba, Kawu?"

Allah ya saka wa Bobbo, ƙofa ce ya buɗe masa, kuma Sulaimanu ya yi niyyar bi ta cikinta. Ya yi murmushi ya ce, "To, yanzu ku saurara da kyau." Ya taka, wannan karon yana kallo. Fitilar ta kama, ja. Ya bugi tsirkiya.

Ya ga Bobbo ya ɗan ja kai baya, ya ga wata ma'aikaciyar Germaine ta leƙo daga madafa da ludayi a hannu. Wato abin ya fito. Shi kuwa gunagunin nan na bayan katanga ya ji, da siririyar ƙarar da ke cikin kansa. Ya sake takawa, fitila ta mutu, ya buga. Ya taka, ta kama, ya buga. Babu bambanci ko na miskala. Ya nemi gurnanin ɗazu a cikin kansa, shi ma ya gudu.

Da ya ci gaba da dariya, da ya ce kai, ku mayar musu da tsiyarsu, da wataƙila ya tsira da Asabar ɗinsa zuwa wani lokaci. Amma sai ya tsaya yana kunna fitilar yana kashewa, bai san ya daɗe yana yi ba. Baƙin ciki ya cika masa ƙirji har ya rasa wace ƙarya zai fara ɗauka.

Sai ya lura Hubert ba ya gabansa. Ya koma bayansa, wurin teburin amfili. Bobbo yana kallon can ta saman kafaɗar Sulaimanu, sannan ya kalli Sulaimanu, yana jira. Ya sake kallon can, ya sake kallonsa. Fuskar Bobbo ta canja, ya sunkuyar da kai. Sulaimanu ya gane cewa ana kiran sunansa ne daga baya, kuma ba sau ɗaya ba.

Ya zauna a kujera. Ya cire jitar ya ɗora a cinya.

Hubert ya zagayo. Bai tsaya a tsaye ba kamar yadda ya saba. Ya durƙusa a kan jiƙaƙƙen simintin da wandonsa mai kyau, ya daidaita fuskarsa da ta Sulaimanu inda haske zai faɗa mata. Idonsa ya yi ja. Ya yi magana a hankali, yana buɗe baki sosai, yana raba kalmomi ɗaya bayan ɗaya, kuma tun kafin ya gama Sulaimanu ya san cewa daga yau haka duk Garwa za ta riƙa yi masa magana.

"Doyen. Asabar ɗin nan, ka huta a gida. Za mu zo gaishe ka."

"Fedar fa?" in ji Sulaimanu. "Za ku riƙe?"

Hubert ya dubi Bobbo, Bobbo ya dubi katanga.

"Za mu tambayi wani," in ji Hubert.