Ranar da Muhayyo Ta Ƙi Buga Hatimi

Ni maƙeri ne, sunana Tursunboy, wuƙa nake ƙerawa a garin Cust, a maƙerar da ubana ya bari a bayan gida. Karatuna bai taka kara ya karya ba, kuma ban taɓa jin ya rage ni da komai ba. Abin da na sani shi ne gidan uba na auta ne. Manya su tashi su yi nasu, mata su tafi gidan miji, auta ya zauna ya yi jinyar tsofaffi, in sun rasu gida ya zama nasa. Ni ne autan. Shekara shida ina ɗaga ubana ina kwantarwa.

Da wata shida suka cika da rasuwarsa, aka ce sai an je wurin notariyus, mai hatimin shaida, kafin gida ya koma sunana. Yayana Ergash bai ɓata mini lokaci ba, ya sa hannu ya yafe rabonsa, ya sha shayi ya koma Tashkent. Saura Yaya Oyjamol, wadda aure ya kai Nukus shekara talatin da suka wuce. Tafiyar kwana da yini ce a jirgin ƙasa, ga ta da ciwon gwiwa. Na kira ta na ce ta je ta sa hannu. Ta ce to. Ita dama ba ta da wata amsa sai to.

Ofishin Muhayyo, mai hatimin garinmu, yana saman wani kantin magani kusa da kasuwa. Mace ce 'yar firit, da tabarau rataye a wuya, ba ta kai ni shekaru ba. Ta yi mini bayani cewa yanzu ba sai kowa ya taso ba. Yayata za ta je wurin wani mai hatimi a can Nukus, shi ya duba fasfonta ya tabbatar ita ce, ita kuma Muhayyo ta duba ni a nan, sai a haɗa ofisoshin biyu ta allon kwamfuta, kowa yana ganin kowa. Na ce wannan aiki ya yi. Na ajiye mata wuƙa a tebur, mai ƙotar ƙaho, aikin kwana huɗu. Ta juya ta, ta yaba bakinta, ta turo mini abata. Ta ce teburin nan takarda kaɗai yake ɗauka.

Ranar da aka sa, na zo da sabuwar hula. Aka ce in ɗora babban yatsa a kan wata 'yar na'ura. Ta ƙi ni. Na sake, ta ƙi. Wuta da guduma sun cinye zanen yatsuna tun ina saurayi. Muhayyo ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙaramin na hagu ya amsa, ta ce ashe akwai yatsa ɗaya da bai taɓa aiki ba a gidanmu. Na yi dariya, don a lokacin ina ganin gida ya riga ya zo hannu.

Sai ga Yaya a allo. Rabona da ganin fuskarta tun jana'iza, kuma ranar ban kalle ta da kyau ba. Ta rame. Muhayyo ta karanta takardar a hankali, kalma bayan kalma, kamar mai koya wa yaro, sannan ta cire tabarau ta faɗa da maganar gida: wanda ya yafe gadonsa ya yafe ke nan, ba a dawowa, ba a sa sharaɗi. Ta tambaye ta ko ta gane. Ta ce ta gane. Ta tambaye ta ko da son ranta ne.

"Tursunboy ya ce in sa hannu," in ji Yaya.

"Na ji abin da ya ce, Yaya. Ke nake tambaya," in ji Muhayyo.

Yaya ta kalle ni, ta kalli ƙasa. Muhayyo ta juyo ta ce in ɗan ba su wuri. Na ce 'yar'uwata ce, ciki ɗaya, ba abin da za ta faɗa wanda ban sani ba. Ta ce to ai ba asara in na fita. Ta tashi da kanta ta buɗe mini ƙofa.

Na zauna a benci tsakanin wani mai sayar da mota da wata tsohuwa mai ƙunshin takardu. Hulata a gwiwa. Na ji kamar an kore ni daga maƙerata.

Da aka kira ni, hatimin yana cikin aljihun tebur. Muhayyo ta ce abin da aka faɗa a bayana ba za ta maimaita ba, sai in mai maganar ta so. Yaya ta so. Mijinta ya rasu shekara uku, wannan na sani. Abin da ban sani ba, gidan da take ciki na ƙanen mijin ne, 'ya'yanta mata biyu duk sun yi aure, kuma an fara auna ɗakinta da ido don ɗan gidan zai kawo amarya. Ban sani ba don ban taɓa tambaya ba.

"In na sa hannu, Tursun, na zo Cust, gidan wa na zo?"

Na ce gidana, kuma gidana ai gidanta ne.

"Baƙo kwana uku ne, ƙanina."

Na juya kan Muhayyo da faɗa. Na ce ta shiga tsakanin 'yan'uwa, al'ada ta girme ta, ta girmi hatiminta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ita ba ruwanta da wanda zai ci gida. In Yaya ta dawo gobe ta ce ta yafe da bakinta da zuciyarta, kafin shayi ya huce za ta buga. Amma hatiminta cewa yake yi ta gani, ta ji, mutum ya yarda. Yau ba ta ga haka ba.

Na koma gida ina huci. Matata Sanobar tana manna gurasa a tanderu, na zayyana mata komai, ina jira ta taya ni zagi. Ta gama mannawa, ta goge hannu, ta ce ita ranar da ta yafe gidan ubanta, yayyenta uku suna tsaye a kanta, ba wanda ya buɗe musu ƙofa ya ce su fita. Ta ci gaba da aikinta. Shekara ashirin da biyu muna tare, ban taɓa jin wannan ba.

Kwana tara na yi ina dukan ƙarfe fiye da yadda yake bukata. Na lalata wuƙa biyu. A rana ta goma na hau benen kantin maganin, na ce a rubuta yadda doka ta raba. Aka sake haɗa allo. Wannan karon ni Muhayyo ta tsare da tambaya, ko na gane, ko da son raina ne. Na ce da son raina dai ba zan ce ba, amma ba wanda ya tilasta ni. Ta ce wannan ya isa. Ta buga hatimi, na can ya buga nasa, takarda ta fito da suna biyu.

Ɗakin innarmu da ke kusa da rumfar inabi, nan nake tara gawayi. Buhu arba'in na kwashe, na yi shafe sau biyu kafin baƙin ya ɓuya. Yaya ta iso lokacin da rumman ya nuna, da akwati biyu da keken ɗinki. Ba ta yi mako ba ta fara ce mini guduma ta cika ƙara da sassafe.

Ƙarfe mai kyau ba ya lanƙwasa don mai shi ya ji haushi, na san wannan tun ina yaro, a mutum ne ban taɓa gani ba sai a matar nan. Yanzu duk wanda ya tambaye ni mai hatimi, wurinta nake tura shi. Ina dai gaya masa ya bar wuƙarsa a gida, kuma ya fara tambayar 'yar'uwarsa kafin a tambaye ta a gabansa.