Inabin da Ba na Gonarmu Ba

Shekara goma sha ɗaya ina dafa abinci a rumfar da ke bakin gonar inabinmu a Pak Chong, gindin tsaunin Khao Yai. Yayana Thawin ne ke haɗa giyar inabin, ni kuma aikina in san abin da za a ci da ita. Farar giyarmu na san ta ciki da bai: ƙanshin abarba da gwaba, ɗan nauyi a harshe, ba ta zama daidai sai da gasasshiyar kaza.

Ranar da Thawin ya zubo mini ta bana daga tanki, ina kurɓa na ajiye kofin. Tsami gare ta mai kaifi irin na lemon tsami, da ƙanshin ciyawar da aka yanka da safe. Na ɗebo kwaɗon ɗanyar gwanda na ci, na sake kurɓa. Barkonon ya kwanta, bakina ya wartsake. Tamu ba ta taɓa yin haka da gwanda ba.

"Yaya, wannan daga ina?"

"Daga tanki mana. Ba a gabanki na zuba ba?"

"Inabin nake tambaya."

"Da wuri muka tsinka bana, shi ke nan. Ke dai ji da tukwanenki."

Ban yarda ba. Ruwan da ya sauka a Janairu, ba lokacinsa ba, ya ruɓar da kusan rabin gonar, da hannuna na taya zubarwa. To ta yaya tankuna huɗu suka cika? Na san akwai masu sayo giya a ganga daga ƙasashen waje, su ɗura a kwalba, su liƙa sunan gonarsu. Baba, wanda ya dasa gonar nan kafin ciwon ɓarin jiki ya zaunar da shi, ko gaisuwar irin waɗannan ba ya amsawa.

Na fara sa wa Thawin ido. A bayan rumbu na ga akwatunan roba shuɗaye, namu kuwa jajaye ne. Idan wayarsa ta yi ƙara sai ya fita can cikin gona kafin ya amsa. Wata Talata ya ce zai je garin Korat sayen murafan kwalba. Na hau babur na bi a-kori-kurarsa daga nesa. Bai nufi Korat ba, hanyar Wang Nam Khiao ya kama, ya yi ta hawa har sanyi ya fara ratsa rigata.

Ya tsaya a wata ƙaramar gonar inabi a gefen tudu. Mutumin da ya fito daga cikinta, tun kafin ya cire malafa na gane tafiyarsa. Ƙaninmu Prayong ne. Shekara bakwai ke nan da ya ce wa Baba gonarmu ta yi wa farin inabi zafi, Baba ya ce tunda ya fi kowa sani, ga hanya nan. Tun daga ranar ba a kiran sunansa a gida.

"Yaya Lamduan," in ji Prayong, "har yanzu kina tuƙa babur kamar mai bin ɓarawo?"

"Ɓarawon na biyo, ga shi na kama biyu." Na juya wajen Thawin. "Nawa ne nasa a ciki?"

"Tanki biyu. Wanda kika ɗanɗana nasa ne zalla."

"Kuma sunan gonar Baba za ka liƙa?"

Ya sunkuyar da kai. Na ce masa ni ba zan zuba wa baƙo ita in ce tamu ce ba.

Duk shekara Baba ne ke shan kwalbar farko. Ranar na gasa kifi cikin gishiri, na kawo da gwanda da shinkafa mai danƙo. Baba ya dubi tiren, ya dube ni.

"Ina kazar?"

"Ta bana ta fi son kifi, Baba."

Ya shinshina kofin, ya kurɓa, ya daɗe yana juya ta a baki. Thawin yana tsaye kamar wanda ake shirin yanke wa hukunci.

"Wannan ta ƙasar tudu ce," in ji Baba. Ya ci kifin, ya sake kurɓa. "A faɗa wa mai ita, gaggawar tsinka ya yi. Da ya ƙara kwana uku. Kuma a rubuta sunan garinsa a kwalbar, ni ba na cin aikin wani."

Bai tambayi sunan mai inabin ba. Abin da ya fi damuna ke nan. Da nake kwashe kwanuka na ga Thawin ya sunkuya yana gyara masa matashi, Baba ya faɗa masa wani abu ƙasa-ƙasa, su biyun suka yi murmushi. Na tambayi Thawin ko Baba ya sani tun farko, ya ce shi bai gaya masa komai ba. Na tambayi Prayong a waya, dariya kawai ya yi. Har yau ban yarda da ko ɗayansu ba.